Tun Ran Gini, Ran Zane: Kwas Ɗin Zaɓi Da Ɗakin Yayanmu

 

A makon jiya wata ƙanwarmu 'yar aji biyu na babbar sakandare ta aiko mana da saƙo daga yankin Makoɗa. Ta ce burinta ta karanta fannin tsara gine-gine, wato akitekca, amma ta ji an ce yanzu komai da kwamfuta ake yi, ita kuwa ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba, a allo kawai ake zana musu ita. Ta ƙara da cewa tana shirin ajiye Fiziks domin yana ba ta wahala. Tambayarta ita ce, shin akwai hanya ga irinta?

Amsarmu a taƙaice: akwai hanya, amma don Allah kada ki ajiye Fiziks. Doguwar amsar kuwa ita za ta cinye filin namu na yau, domin sai mun bi ta kan wani abu da ba a cika gaya wa 'yan sakandare ba, wato kwas ɗin zaɓi a jami'a.

Mene ne kwas ɗin zaɓi?

A jami'a darasi sunansa kwas, kuma kowane kwas yana da nauyinsa da ake kira yunit. Wani yunit 2 ne, wani 3, kwas ɗin zane na situdiyo kuwa ya fi haka nauyi. A kowane zangon karatu ɗalibi yakan yi rajistar yunit tsakanin 15 zuwa 24. Mafi yawan kwasa-kwasan na dole ne, ko kana so ko ba ka so. Sai a bar maka ɗan gurbi, a ba ka jerin wasu kwasa-kwasai a ce ka ɗauki ɗaya ko biyu. Waɗannan su ne na zaɓi, ɗalibai suna ce musu ilektib. Wani a cikin sashenku yake, wani sai ka taka zuwa wani sashen.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin manhajar karatu mai suna CCMAS. A wannan tsari hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, kowace jami'a kuma ta cike kashi 30 da abin da ya dace da ita da yankinta. Tsarin ya ware akitekca ya zama fanni mai zaman kansa, da rassa irin su tsara cikin ɗaki, tsara kujeru da kayan ɗaki, da tsara filaye da lambuna. Haka fannin kwamfuta aka rarraba shi zuwa tsaron intanet, kimiyyar bayanai, injiniyancin manhaja da sauransu. Saboda wannan kashi 30 ɗin, kwas ɗin da yake na dole a wata jami'a yana iya zama na zaɓi a wata, ko ma babu shi. Don haka littafin jagorar sashe shi ne abokin shawara na farko.

Idan ka duba irin kwasa-kwasan da ke kewaye da akitekca, za ka ga sun kasu gida uku. Akwai na gini kansa: gine-ginen gargajiya, gini da yanayi, gidajen jama'a, tsara ƙauyuka. Akwai na zane da ƙira: ɗaukar hoto, zanen tambari da rubutu, ginin tukwane da tangaran, ƙirar kujeru. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma akwai sashe guda na ƙirar kayan masana'antu, inda ake koyar da tangaran da yadi. Sai gida na uku, na kwamfuta: zane da manhaja irin su AutoCAD da SketchUp da Revit, haɗa taswira da manhaja irin QGIS, da kuma rubuta wa kwamfuta umarni da harshe irin Python.

Kuskuren da muka fara yi

A zangon farko na aji biyu muka fara cin karo da zaɓi. Yayyenmu na aji huɗu suka ja mu gefe, suka nuna mana wani kwas suka ce, "Ku ɗauki wannan, hadda ce kawai, A a aljihu." Muka ɗauka. Muka haddace takardu ana saura kwana uku jarrabawa, muka kuwa samu A. Yau da za ku tsare mu ku ce mu faɗi abu uku daga cikinsa, sai dai mu sosa ƙeya.

Wani abokinmu ya ƙi bin ayari. Ya taka zuwa sashen kwamfuta ya ɗauki kwas na koyon rubuta umarni. Ya sha wuya, ya kwana a ɗakin kwamfuta, a ƙarshe ya tashi da C. Muka yi ta tsokanarsa. Ana shiga zango na biyu aka ba mu aikin lissafa yawan bulo da siminti na wani gini mai ɗakuna da yawa. Muna nan muna fama da kalkuleta, duk lokacin da malami ya canja tsawon bango mu koma farko, shi kuwa ya rubuta ɗan shiri na layi kamar ashirin, ya canja lamba ɗaya, amsa ta fito. A ranar tsokana ta ƙare.

Bari mu yi lissafin abin da ya rasa. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, A daga 70 take farawa kuma maki 5 ce, B maki 4, C maki 3. Kwas mai yunit 2, mai A ya samu 10, mai C ya samu 6. Bambancin 4 ne. Idan yunit 20 aka ɗauka a zangon, GPA ɗinsa ya ragu da 0.2. Idan aka raba wannan 4 ɗin a kan yunit 120 na dukkan digiri, ragin kimanin 0.03 ne. Wannan shi ne kuɗin da ya biya ya sayi sana'ar da za ta bi shi har tsufa.

Ba muna cewa maki ba shi da daraja ba ne. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai daraja ta biyu ta sama daga 3.50, kuma wanda yake kan gaɓa ɗan ragi kaɗan yana iya sauko da shi. Wanda kuma ya kwaso kwas mai wuya alhali yana da keri-oba a wuyansa, ya ɗora wa kansa kayan da ya fi ƙarfinsa. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya shekara huɗu yana tambayar wane kwas ne mai sauƙi, bai taɓa tambayar wanne ne zai amfane shi ba. A zango na biyu muka gyara: muka ɗauki kwas na gini da yanayi, muka kuma roƙi abokin namu ya riƙa koya mana nasa da daddare.

Ɗakin Yaya

Garinmu yana arewacin Kano, can wajen Dambatta. Duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi ya san ƙasar: gona tana manne da gona, ba ka rabuwa da ganin gida ko rumbu, ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye a cikin gonaki. Ba a barin ƙasa ta huta, taki ne yake riƙe da ita shekara da shekaru. Tun cikin shekarun 1960 wani malamin Labarin Ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin yadda ƙasar da ke kewaye da Kano take ɗaukar jama'a masu yawa haka ba tare da ta mutu ba. Amma daga wancan lokaci zuwa yau an raba gado sau nawa? Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau gida biyar ne ke ci daga cikinta. A irin wannan wuri duk ɗakin da aka gina a gona, dami ne aka cire daga rumbu, kuma ba na shekara ɗaya ba.

A hutun da ya wuce aka sa ranar auren Yayanmu. Baffa, wanda shi ne babba a gidan, ya yanke shawarar a fasa katangar baya a ci wani yanki na gonar bayan gida a yi wa amarya ɗaki. Inna ba ta so, domin a nan take shuka kuɓewa da yakuwa da rama, amma ta yi shiru. Abokin namu ya zo mana hutun mako guda da tsohuwar laftof ɗinsa. Muka durƙusa muka ce, "Baffa, a ba mu kwana biyu mu auna gidan tukuna." Ya yi dariya ya ce, "To, ku auna, ai ba a hana yaro wasa."

Muka ari tef, muka auna tun daga zaure har makewayi, muka zana gidan a takarda, sannan muka shigar da shi kwamfuta. Da gidan ya fito gaba ɗaya kamar ana kallonsa daga sama, sai muka ga abin da ido ba ya gani idan mutum yana tsaye a tsakar gida. Tsakanin turken awaki da wani tsohon rumbu da aka daina zuba hatsi a ciki akwai filin da zai ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, idan aka matsar da turken kusa da katanga. Ba sai an taɓa gona ba.

Lissafin bulo ma ba wuya. Ƙafa 12 kimanin mita 3.6 ce. Bango huɗu ya ba da mita 14.4. A ninka da tsayin mita 3, an samu murabba'in mita 43.2. A cire ƙofa da taga, saura kamar 40. Kowane murabba'in mita yana cin bulo mai inci 9 kamar guda 10. Ke nan bulo 400, a ƙara 20 saboda fashewa, ban da na fandisho. Muka kai wa Baffa zane da lissafi muna jin kanmu.

Baffa ya aika aka kira dattijon maginin da ya gina rabin ɗakunan unguwarmu. Ya zauna a kan tabarma, ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "To 'yan boko, ina gabas a nan?" Muka nuna masa. Ya ce, "Wa ya ce ku sa ƙofa da taga a gabas?" Muka ce, "Baba, an koya mana cewa ranar yamma ce mai zafi, shi ya sa muka guje wa yamma." Ya ce, "Gaskiya aka koya muku. Amma na'urar taku ta san ta inda hadari yake tasowa? Daga gabas yake zuwa da iska. Damina ɗaya, amarya za ta kwashe kayanta ta koma gida."

Bai gama ba. Ya ɗora yatsa a kan rufin ya ce, "Ruwan kwanon nan, ina zai zuba?" Muka bi layin da ido. Kai tsaye gindin katangar ƙasa ta maƙwabcinmu zai zuba. Ya ce, "Ranar da katangar nan ta faɗi, a ƙofar dagaci za mu wuni." Inna ma da ta leƙo ta ga zanen ta ce duk wanda ya tsaya a bakin zaure zai hango har gadon amarya.

Kunya ta kama mu, amma a nan kwamfuta ta nuna amfaninta. Cikin 'yan mintuna muka juya ɗakin, ƙofa ta koma kudu da 'yar baranda a gabanta, rufi ya karkato cikin gida inda za a ajiye duro a tari ruwa. Muka sake nuna masa. Ya ce, "Yanzu kun yi gini. Da tubali ne sai an rushe." Mun so a yi ɗakin da tubali saboda sanyi, Baffa ya ce a'a, dangin amarya bulo za su duba. Amma ya yarda a ɗaga rufin, a sa silin, a bar ƙananan kafofi a sama don zafi ya fita. Yanzu haka an kai linta, yakuwar Inna kuma tana nan inda take.

Mun koma makaranta da darasi biyu. Ba don kwamfuta ba, da ba mu ga filin ba. Ba don Baba magini da Inna ba, da mun gina ɗakin da ruwa zai kori mai shi. Shi ya sa a zango mai zuwa kwas ɗin gine-ginen gargajiya za mu ɗauka.

Ba yau aka fara ba

Kada wani ya ce muku tsara gini baƙon ilimi ne a ƙasar Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin ƙarni na 19, da ƙasa da azara. Bakan gizon da ya ɗaure a cikinsa har yau masana daga ƙasashen waje suna zuwa kallo. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, amma tsawon da za ta iya ɗauka ba tare da ta lanƙwasa ba yana da iyaka. Maginan da suka gano yadda za a jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har a rufe babban soro ba ginshiƙi a tsakiya, lissafi suka yi, ko da ba su rubuta shi a takarda ba. Bangon ƙasa mai kauri kuma yana riƙe zafin rana na sa'o'i kafin ya shiga ciki, shi ya sa soron kaka ya fi ɗakin kwano daɗin zama da azahar.

A Jamhuriyar Nijar, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin garin Yama da ke jihar Tawa a 1962, da ƙasa. A 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini a duniya.

Ga kuma misalin da muke so ƙanwarmu ta Makoɗa ta riƙe. Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar ce. Kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aikin rubuta manhaja, sannan ta koma aji ta karanta akitekca a Jami'ar Washington. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai ta sa masa sunan Hausa, Masomi. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin ƙasa na garin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, aka kammala a 2018. Dandaji garin Hausawa ne, ba Landan ba. A Burkina Faso kuma, Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin don iska ta ratsa ta kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker. Dabarar ɗaga rufin ɗakin Yaya daga wurinsa muka aro ta.

Zane da kwamfuta kansa ba tsoho ba ne can. A 1963 wani ɗalibi a Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna shirin Sketchpad, wanda ake zana layi da shi a fuskar kwamfuta. AutoCAD ta fito a 1982. Sashen akitekca na Zariya ya girme su duka: an fara shi a Ibadan a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, tun kafin a kafa jami'ar a 1962. Manhaja takan zo ta wuce. Abin da ba ya tsufa shi ne sanin awo, sanin rana da iska da ruwa, da sanin yadda mutane suke zama a gidajensu.

Zaɓinku na farko a sakandare yake

Ku da kuke aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare, kun riga kun fara zaɓen kwas, ko da ba a kira shi haka ba. Mai son akitekca yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma Turanci da Lissafi da Fiziks suna ciki. Sauran biyun sukan fito daga irin su Kemistiri, Labarin Ƙasa, Zanen Fasaha da Zane-zane. A jarrabawar JAMB ma Turanci da Lissafi da Fiziks ne ginshiƙai, sai darasi na huɗu. Jami'o'i sukan bambanta a kan na huɗun, don haka ku duba littafin JAMB na shekararku kafin ku cike fom. Wanda ya ajiye Fiziks a aji biyu don ya huta, ya rufe wa kansa ƙofar akitekca da injiniyanci da yawancin kwasa-kwasan kwamfuta a rana ɗaya. Tun ran gini ran zane.

Wuraren karatun ba su yi mana nisa ba. Ban da Zariya, ana koyar da akitekca a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil. Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano tana da makarantar nazarin muhalli a Gwarzo, inda ake yin difloma. Ku sani kuma hanyar doguwa ce: digiri na farko shekara huɗu, na biyu shekara biyu, sai aiki a ƙarƙashin ƙwararre da jarrabawar ƙwarewa, kafin hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ta yi wa mutum rajista. Tsawon yana da dalili. A ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin bene na wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai irinku. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mu ɗin nan da muka zana ɗakin Yaya, ɗaki ɗaya ne a ƙasa kuma gogaggen magini yana tsaye a kai. Bene kuwa aikin akitek da injiniya masu rajista ne, iya AutoCAD ba ya mayar da mutum ɗayansu.

Aikin gida, ba sai da kwamfuta ba

Ga abubuwa huɗu da za ku iya farawa a wannan makon.

Na ɗaya, ku auna ɗakinku ku zana shi a takardar lissafi, kowace santimita 1 ta tsaya a madadin mita 1. Ku sa ƙofa da taga, ku nuna gabas. Wanda ya iya wannan ya riga ya fahimci abin da manhajar zane take yi.

Na biyu, ku samu igiya mai tsawon mita 12, ku ƙulla alama a mita 3 da mita 7, ku haɗa bakinta biyu. Mutum uku su ja ta a wurin ƙulle-ƙullen, za ku samu gefe 3 da 4 da 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 kuma ta miƙe daidai. Wannan ita ce ƙa'idar Pythagoras da kuke haddacewa, da ita magina suke fitar da kusurwar fandisho.

Na uku, ku kafa sanda mai mita 1 a fili, ku riƙa auna inuwarta duk mako a lokacin da ta fi gajarta, wajen sha biyu da rabi na rana. A yankinmu, a ƙarshen Disamba za ta kai kimanin santimita 70 tana kallon arewa. Wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta za ta kusa ɓacewa. A watan Yuni za ta koma kudu da kimanin santimita 20. Da inuwa malamanmu suke gane zawali, da ita kuma akitek yake sanin faɗin barandar da za ta kare taga.

Na huɗu, ku lissafa ruwan da rufin ajinku yake zubarwa. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Mu ɗauka rufin mita 7 ne da mita 8, wato 56, damina kuma ta ba da milimita 700. An samu lita 39,200, jarka mai lita 25 sama da 1,500. Ku tambayi kanku ina ruwan yake tafiya.

Wanda yake da damar aron wayar yaya ko ta baba, akwai GeoGebra ta zanen lissafi da Google Earth da za ta nuna muku garinku daga sama. QGIS da Blender da Python kyauta ne ga wanda ya samu kwamfuta. Amma kada rashin su ya karya muku gwiwa. Da yawa daga cikinmu a jami'a muka fara riƙe linzamin kwamfuta, cikin zango ɗaya hannu ya saba. Wanda ya zo ba Lissafi ba Fiziks shi ne yake shan wuya har ya fita.

Idan Allah Ya kai ku jami'a aka miƙo muku jerin zaɓi, ku yi wa kowane kwas tambaya uku. Me zan iya yi da hannuna bayan na gama shi wanda ban iya ba yanzu? Akwai kayan aikin koyonsa, ko a allo za a ƙare? Nauyin da ke kaina a wannan zango zai bar ni in ba shi haƙƙinsa? Ku tambayi malamin da ke kula da ajinku, ku tambayi wanda ya yi kwas ɗin bara abin da ya koya, ba makin da ya samu kawai ba. Ku kuma duba jadawali kada lakca biyu su haɗu a awa ɗaya, ku san ranar da ake rufe canjin kwas.

Ƙanwarmu ta Makoɗa, ki koma wurin malamin Fiziks gobe ki gaya masa inda kika tsaya, ki nemi ƙawa ɗaya ku riƙa bitar tsofaffin tambayoyi tare. Idan kin zana ɗakinku, ki kai wa maginin unguwarku ya duba, ki rubuta duk gyaran da ya yi miki. Muna jiran ki aiko mana da zanen, da ke da duk wanda ya gwada, za mu zaɓi uku mu yi bayaninsu a wannan fili.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da sa'ar karatu, amin.